Kundin Zayyana da Gardawa Matafiya: Zanen Tarayya a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Maƙalar ta dubi kundin da gardawa da alarammomi ke yawo da shi a gafaka, musamman warƙoƙin da ke ɗauke da zayyana da hatimi da zanen ɗinkin riga, ta kuma bayyana yadda hannuwa da dama ke taruwa a kansa a lokacin yawon neman karatu. An ɗauki ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi a matsayin farfajiyar bayani. Manufar ita ce nuna cewa tambayar "wa ya rubuta?" ba ta isa ta buɗe irin wannan kundi ba, domin abin da ya taskace shi ne hanyar da aka bi da abokan tafiyar da aka zauna da su.

1.0 Gabatarwa

A bakin ɗalibin jami'a na yau, kundi shi ne aikin binciken da ake miƙawa a ƙarshen karatun digiri, mai ɗauke da sunan mutum ɗaya a bango. A bakin lauya kuwa kundin tsarin mulki ne. Duka ma'anonin biyu aro ne daga wata ma'ana da ta girme su nesa ba kusa ba, wato tarin warƙoƙi marasa ɗinki da malami ko gardi ke tarawa tsawon rayuwarsa, ya ɗaure su cikin tadarishi, ya saka a gafaka, ya rataya duk inda ya sa gaba. A cikinsa akan sami addu'o'i da fa'idoji da harjin Alƙur'ani da ranakun haihuwa da na rasuwa. Akan kuma sami zane.

Masu nazarin Hausa sun fi kallon kundi ta fuskar magani, kuma aikin Aliyu Muhammad Bunza (1995) a kan magungunan Hausa a rubuce da ayyukan malaman tsibbu ya share wannan fage. Ta fuskar zane kuwa, Salah Hassan (1992) ya nazarci allo da zayyana da hatimi a matsayin fasaha, David Heathcote kuma ya bibiyi zanen ɗinkin riguna a shekarun 1970 yana koyarwa a Zariya. Abin da bai sami isasshiyar kulawa ba shi ne yadda zane ke tashi daga wannan kundi ya faɗa wancan. A ƙasashen Turai da Amurka masu zane na zamani kan fita tafiya a ƙungiya da littattafan zanensu, kowa ya cika shafi ya miƙa wa na kusa da shi, a dawo gida da littafin da babu mai cewa nasa ne shi kaɗai. Gardawan ƙasar Hausa sun daɗe suna yin kwatankwacin haka, da ƙa'idoji nasu na kansu.

2.0 Hanya da Lokaci

Kurfi da Dutsin-Ma suna kan titi ɗaya ne, wanda ya taso daga birnin Katsina ya yi kudu, ya ratsa Kurfi kafin ya isa Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, daga nan ya zarce ta 'Yantumaki zuwa Ƙanƙara. Wani reshe ya yi gabas zuwa Kankiya inda ya haɗu da titin Kano. Ta yamma akwai Safana da Batsari da dajin Rugu. A tsarin masarautar Katsina, Dutsin-Ma mazaunin 'Yandaka ce, Kurfi kuma mazaunin Maraɗi. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma sunayen wasu garuruwanta, irin su Karofi da Maƙera, sun isa shaida cewa masu sana'ar hannu sun daɗe da zama a cikinta.

Noma ne ke tsara shekarar tsangaya a irin wannan ƙasa. Da an kai amfanin gona rumbu, malami kan tashi da almajiransa ya koma wani gari ya ci rani, sai alamun ruwa sun bayyana ya juyo. Masu dogon buri kan nufi gabas, ta Haɗeja da Nguru da Gashuwa har Maiduguri, domin Barno ce aka yi ittifaƙi ta riƙe tutar hadda da rubutun Alƙur'ani. Irin wannan tafiya takan ci shekaru.

Ba kowane mai tafiya ke da kundi ba. Kolo da titibiri allo ne kaɗai dukiyarsu. Gardi, wato matashin da ya yi nisa a karatu yana kuma ciyar da kansa, shi ne ke fara tara warƙoƙi, ya ci gaba da tarawa idan ya zama alaramma ko gwani. Gardawa uku ko huɗu kan haɗa bukka ɗaya ta zana a bayan gari, wani daga Birchi, wani daga Wurma, wani kuma Babarbare ne ko Bazazzagi da aka tarar a can. Alhamis da Juma'a ranakun hutun tsangaya ne, kuma a cikinsu ake wanki da ɗinkin hula da kwance gafaka. Babu ajin koyar da zayyana a tsangaya. Kallo da kwafa da gyaran aboki su ne makarantarta.

3.0 Warƙa Marar Ɗinki

Tushen al'amarin duka yana cikin wata sifa ta littafin Afirka ta Yamma wadda ake yawan ambata ba tare da an tsaya a kanta ba: ba a ɗinke shi. Alƙur'ani rubutun hannu da littafin fiƙihu da kundi duk fallaye ne a jere, abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalmar farko ta warƙa mai zuwa da marubuci kan ajiye a ƙasan wadda ta gabace ta. Littafin da aka ɗinke sai dai a ara shi dungurungum, kuma mutum ba ya sakin dukiyarsa duka ga baƙo. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa ana iya zare warƙa ɗaya a cikinsa a ba aboki bayan sallar walha, ya kwafa, ya mayar kafin la'asar.

Daga nan abubuwa da dama kan faru. Wani lokaci mai aro ya kwafa da hannunsa. Wani lokaci hannunsa bai faɗa ba tukuna, sai ya roƙi mai warƙar ya zana masa a tasa takardar, shi kuma ya biya da abin da yake da shi, wataƙila wata fa'ida ko wata hanyar haɗa tawada. Akan yi musayar warƙa da warƙa. Akan kuma sami warƙar da mutum ɗaya ya ja layukanta da baƙar tawada, wani ya zuba launi, na uku ya rubuta a gefe inda za a yi amfani da ita. Sannan akwai warƙar da aka ara ba a mayar ba, domin damina ta raba masu bukka, kowa ya kama hanyar garinsu. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi amfani ga mai nazari, ko da yake mai ita ba zai yarda da hakan ba.

Saboda haka kundin da ya dawo Kurfi bayan rani biyar ko shida ba shi ne wanda ya fita ba. Mai shi ɗaya ne, wannan babu ja. Hannuwan da ke cikinsa kuwa suna da yawa.

4.0 Abin da Ake Bayarwa da Abin da Ake Ɓoyewa

Kuskure ne a zaci duk warƙoƙin kundi hukuncinsu ɗaya. Kowane irin zane yana da ƙa'idar yaɗuwarsa, kuma gardawa sun san bambancin sarai.

Zayyana ita ce mafi sakin jiki. Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa da Barno, bisa ruwayar Warshu, yana buƙatar ado a wurare sanannu. Akwai alamar ƙarshen aya, da kumsa a kan kowace aya ta biyar, da kuri a kan ta goma. A gefe akwai alamomin sumuni da rubu'i da nusufi da izu, da kuma wuraren sujada. Izu sittin ne, kowanne da rabe-rabensa takwas, wato gurabe 480 ke nan da ke jiran ado, kuma gwanin mai zayyana yana ƙin maimaita da'ira ɗaya sau biyu a kusa. Sannan ga manyan zayyanoni masu cin shafi ko rabinsa, a farkon Alƙur'ani da kuma inda aka raba shi huɗu, wato a bakin surorin A'arafi da Maryam da Sadi. Wanda zai cika waɗannan gurabe dole ya kasance da taskar siffofi, kuma kundi ne taskar. Ban da Alƙur'ani, ga allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar sauka, mai ɗauke da Fatiha da ayoyin farko na Baƙara a tsakiyar ado, wanda iyaye ke biyan kuɗinsa. Wato zayyana abin neman abinci ce ga gardi, amma duk da haka ba a rowarta sosai, domin duk wanda ya halarci sauka ya gan ta da idonsa. Abin da ake koya wa aboki shi ne ƙashin zanen: inda ake fara jan layi, yadda ake raba da'ira gida takwas, yadda zaren dagi ke hawa ya sauka ba tare da ya hau sau biyu a jere ba. Shi ya sa warƙoƙin da aka bari ba launi, masu layukan gwaji da kurakurai, suka fi kammalallu daraja a wurin mai koyo. Da ya riƙe ƙashin, yana da damar ya sauya. Ya ƙara zobe, ya musanya ja da ruwan ɗorawa, ya mayar da murabba'i da'ira. Babu mai ce masa ya yi laifi. Hasali ma a nan ake gane gwani.

Launukan kansu ba su da yawa, kuma rubutun Alƙur'ani ne ya samar da su: baƙi na baƙaƙe, ja na wasulla, rawaya da kore na alamomin hamza. Mai zayyana na da can da abin da ke gabansa ya yi aiki, wato tawadar da aka riga aka dama don rubutu.

Hatimi kishiyar zayyana ne ta wannan fuska. Ba ya karɓar sauyi ko kaɗan. Alal misali, hatimi mai gida tara wanda ake jingina wa Imamu Gazali yana ɗauke da lambobi 1 zuwa 9, an jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Idan mai kwafa ya yi tuntuɓe a gida ɗaya, lissafin da kansa zai tona shi. Ƙasar Katsina tana da tsohon suna a wannan fanni. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya yi karatu wurin malaman Barno da Bagarmi kafin ya wuce aikin hajji, ya kammala littafinsa a kan ilimin haruffa da hatimai a 1732, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimai masu gidaje mara a kowane gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi ma a hanya ya tara abin da ya sani. Sai dai hatimin kundi ba lissafi ba ne kawai a wurin masu shi. Ana ba da shi ne da izini, tare da sharuɗɗansa na lokaci da adadi, kuma sau da yawa sharuɗɗan a baki suke, ba a kan takarda ba. Gardi yana iya barin abokinsa ya ga siffar, ya riƙe mabuɗin. Wasu warƙoƙin ma ba a kwance su a gaban kowa. Tarayyar kundi tana da iyaka, kuma iyakar a nan take.

Zanen ɗinkin riga yana tsakanin biyun. Sana'ar malamai da almajiransu ce tun da daɗewa, domin hannun da ya saba da alƙalami shi ke zana aska biyu da aska takwas da tambari da gidan biyar a kan ƙyalle kafin allura ta bi. Sunayen siffofin da wuraren zamansu a jikin riga sanannu ne, ba a cika taɓa su ba, amma cikon da ke tsakaninsu fage ne na gwaninta. Heathcote ya ci karo da tarin irin waɗannan zane-zane na takarda a Kano, ya kuma yi rubutu a kansu. Siffa ɗaya, musamman dagi, takan fito a gefen Alƙur'ani, ta fito a aljihun riga, ta fito a bangon zaure, kuma babu mamaki a cikin haka idan aka tuna cewa mai zayyana da mai zanen riga sau da yawa mutum ɗaya ne, ko kuwa abokan bukka ɗaya.

5.0 Karanta Sawun Hannuwa

Ba a cika sa hannu a warƙar zane ba, ba a kuma cika rubuta shekara ba. Duk da haka kundi yana magana ga wanda ya san abin da zai duba. Takarda ita ce shaida ta farko. Tsofaffin warƙoƙi na ƙarni na 19 da farkon na 20 galibi takardar Italiya ce mai tambarin jinjirin wata uku, wanda sai an ɗaga ta ga haske ake ganinsa, irin wadda masana'antar gidan Galvani da ke kusa da Pordenone ta yi fice da ita, ake kuma shigo da ita ta Tarabulus da Masar. Daga baya sai ga fallen littafin makarantar boko mai layi. Kundin da ya haɗa biyun ya ratsa aƙalla zamani biyu, wataƙila daga kaka zuwa jika. Tawada ita ce shaida ta biyu: wadda aka dafa da bagaruwa tana kama takarda ta yi duhu, ta gawayi da ƙaro tana zama a sama ta goge da ruwa, biro da maka kuwa sun bayyana zamaninsu da kansu. Ta uku ita ce salon rubutun da ke gefen zane. Andrea Brigaglia ya bambance rubutun Barno da na Kano, kuma warƙar da hannun Barno ya yi wa bayani a cikin kundin Bakatsine tana nuna ɗayan biyu: ko mai kundin ya je gabas, ko gabas ta zo ta same shi.

Akwai makamantan wannan a wasu al'ummu. A Faransa an adana littafin zanen Villard de Honnecourt na ƙarni na 13, warƙa 33 da suka rage, wanda ya zana abin da ya gani a tafiye-tafiyensa har ƙasar Hangari, wasu hannuwa kuma suka zo daga baya suka yi ƙari a cikinsa. A Farisa da Indiya ta zamanin Mugal akwai muraƙƙa, littafin da ake harhaɗawa daga ayyukan masu zane da marubuta daban-daban, wanda sunansa ke nufin abin da aka yi wa faci. Bambancin shi ne muraƙƙa kayan fada ne, an tsara shi don kallo. Kundin gardi kayan aiki ne, yana da tabon miya da sawun yatsa, kuma ta wannan fuska ya fi kusa da littafin Bafaranshen.

6.0 Halin da Ake Ciki

Abubuwa uku sun taru a kan wannan al'ada, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗab'i ya rage buƙatar rubuta Alƙur'ani da hannu, amma bai kashe zayyana ba. Alƙur'anan da aka ɗauki hoton rubutun hannunsu aka buga, irin na Sharif Bala Gabari na Kano, sun ma yaɗa wasu siffofi fiye da yadda kowane gardi zai iya yaɗa su da ƙafa. Illarsa ita ce siffa ɗaya ta mamaye ko'ina, bambancin gari da gari ya dusashe. Wayar hannu ma haka take: hoton allon sauka yana isa Dutsin-Ma daga Maiduguri cikin daƙiƙa, sai dai kammalallen zane yake kawowa, ba ya kawo ƙashin da ke ƙarƙashinsa, ba ya kuma kawo abokin da zai ce "daga nan ake farawa".

Na ukun ya fi su duka nauyi, wato ƙuntatar tafiyar kanta. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun mayar da almajirai jihohinsu na asali. Ta'addancin 'yan bindiga a yammacin jihar Katsina ya sa kafa bukka a bayan gari, balle fita kiskadi cikin daji, ya zama kasada a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu. Muhawarar da ake yi a kan almajiranci, wadda ta kai ga kafa hukumar tarayya mai kula da shi a 2023, ta ta'allaƙa ne a kan ƙananan yara masu bara, kuma damuwa ce ta gaskiya wadda babu mai hankalin da zai raina. Amma gardi baligi mai ciyar da kansa da allura da alƙalami wani mutum ne daban, kuma ba a cika ambatonsa ba idan ana wannan magana.

Su kansu kundayen da ke gidaje suna fuskantar gara da yoyon ɗaki da gudun hijira, sannan da rabon gado, inda akan kasa warƙoƙi tsakanin magada. A nan ne aikin masu nazari ya shigo, ga shi kuwa Dutsin-Ma tana da jami'ar tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Sai dai akwai haɗari a cikin taimakon ma. Tsarin da aka saba bi wajen jera rubuce-rubucen hannu yana neman sunan littafi da sunan mawallafi da fanni, kuma kundi ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Mai son tsari yana iya ware addu'o'i gefe, hatimai gefe, zayyana gefe, ya ga ya gyara, alhali ya warware shaidar da ta fi kowace muhimmanci, wato wace warƙa ce ke maƙwabtaka da wace. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton kundi yadda aka same shi, gaba da baya, har da tadarishi da gafakarsa, a bar warƙoƙin sirri a rufe idan mai su bai yarda ba amma a ƙidaya su a gurbinsu. Idan mai kundin yana raye, a zauna da shi a bi warƙa ɗaya bayan ɗaya, ana tambayarsa a wane gari ya same ta, a wane rani, kuma wa ke cikin bukkar.